Ranar da na kwaikwayi Goggo Salamatu a gaban jama'a

Shekara shida ke nan da aka kai Goggo Salamatu makwancinta a Djougou. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ɗauki biro in ajiye. Bana na ce sai na rubuta, domin waɗanda suka san ta suna ta raguwa, masu yi mata dariya ba tare da sun san ta ba kuma suna ƙaruwa.

Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina jinjira, bayan rasuwar mahaifiyata, kuma da man kaɗe ta tura ni lakwal, wato makarantar boko, har na gama a Parakou. Ba zan yi mata yabon da ba nata ba don ta mutu: mace ce mai zafi. Idan kina buga kaɗe kika yi sanyin hannu, muciya za ki ji a bayan yatsunki kafin ki ji magana. "Ke, hannun nan na ado ne?" Abin da take faɗa ke nan kullum, tana zagaya tukwane tana jan ƙafa ɗaya.

Shekara biyu kafin rasuwarta na samu aiki da wani furoje mai tallafa wa matan karkara masu man kaɗe. Aka ɗora mini shirya iyayen ɗaki, wato tsofaffin hannu da za a raba wa ƙungiyoyin matan Kolokondé su riƙa koya musu suna mara musu baya. Kwana uku za mu yi da su a wani zaure kusa da Gare, tashar jirgin ƙasa ta Parakou, a na huɗu a yi bikin buɗewa, kowace uwar ɗaki a damƙa mata ƙungiyarta. Ni da kaina na sa sunan Goggo. Ta ɗinka sabuwar atamfa, ta hau mota daga Djougou, ta sauka a ɗakina a unguwar Tourou da ƙwaryar manta a lulluɓe.

Abin da nake koya musu ba laifi ba ne, har yau ina koyar da shi. Ki saurara kafin ki gyara. Ki yi tambaya maimakon tsawa. Kada ki ƙwace aiki daga hannun mai koyo. Ina rubutawa da Faransanci a allo, ina juya musu da Hausa da Dendi. Goggo ta ji ni har ƙarshe, sannan ta ce, "To idan man yana ƙonewa fa, ita ma wutar tambayarta za a yi?"

A rana ta biyu shugaban furojen ya kawo man da wata madam da shi ya gayyato ta yi, aka ce kowa ta duba. Goggo ta lakata, ta shinshina, ta goge yatsa a gefen zane. Ta ce wannan ai sai dai a shafa wa ƙafar amalanke. Matan suka tuntsire da dariya. Da aka fita shan iska shugaban ya ja ni gefe.

"Wace ce waccan tsohuwar?"

"Wata ce daga Djougou," na ce.

Ya ce irinta ne ke kashe wa 'yan mata zuciya, kuma ranar buɗewa yana son ɗan wasan kwaikwayo da zai nuna wa baƙi uwar ɗakin kirki da ta banza. Bai ce in kwaikwayi kowa ba. Ni na zaɓa. Sabuwa ce ni a aikin, ina son ya ga na iya.

Ranar bikin zauren ya cika da manyan baƙi, matan Kolokondé suna zaune a baya. Goggo tana layin gaba cikin atamfarta, an rataya mata kati mai sunanta a wuya. Na fito da ɗaurin ɗankwali irin nata, muciya a hannu, ina jan ƙafa. Na maƙe murya na ce, "Ke, hannun nan na ado ne?" Zauren ya ɗauka da dariya. Har shugaban yana share ƙwalla. Bayanin da ya biyo baya da Faransanci aka yi shi, Goggo ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ba sai an fassara wa mutum tafiyarsa ba. Matan da suka yi kwana uku tare da ita suna ta satar kallonta. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Da aka zo rabon ƙungiyoyi, aka kira kowa ban da ita. Ni na soke sunan da safen nan. Aka miƙa mata takardar shaidar halarta, aka tafa.

Na same ta a Tourou tana ɗaure kayanta. Ta ce, "Kin iya ni, Madam. Sai dai ƙafar hagu ce, ke kuma kin ja ta dama." Ta ɗaga zane ta nuna mini tabon da na san shi tun ina ƙarama ban taɓa tambaya ba. Ta ce ina rarrafe na kama bakin tukunya, ta ture ni, man ya sauka a ƙafarta. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita neman mai babur.

Manmu na farko bai karɓu ba, masu saye suka ce yana wari. Matan Kolokondé ba su jira mu ba, suka riƙa bin hanyar daji zuwa gidan Goggo a Djougou. Ta koya musu yadda ta saba, da muciya da tsawa. Man ya gyaru. Na sani sarai, amma a rahotona na rubuta cewa sabon salon iyayen ɗaki ne ya yi aiki. Aka ƙara mini girma.

Daga ranar ba ta ƙara kiran sunana ba. Idan na je gida sai ta sa a shimfiɗa mini tabarmar baƙi, a kawo ruwa a kofin tangaran, ta ce, "Madam, ya Parakou?" Na nemi gafara ya fi a ƙirga, takan ce babu abin da ya faru. Da ciwon ajali ya kwantar da ita na ɗauko man zan shafa mata a ƙafa, ta janye, ta ce a kira maƙwabciya.

Me za ta ce da ta ga yau? Wasan nan yana nan. An ɗauke shi a waya, duk taron buɗewa sai an yi shi, 'yan matan da nake horarwa suna rige-rigen fitowa a tsohuwa mai muciya. Na taɓa cewa a cire shi, aka ce shi ne abin da mahalarta suka fi so. Ina tsammanin ba za ta ce komai a kan wasan ba. Za ta nemi a kawo mata man ta shinshina.

Bana, a wurin sadakar shekara, wata mata ta zo daga Kolokondé da ƙullin man kaɗe. Zuwaira sunanta, yanzu ita ce uwar ɗakin ƙungiyarsu. Na lakata, fari ne sol, babu ɗigon wari, irin na gidanmu sak. Ta ce ita ba ta dukan kowa, amma duk abin da hannunta ya sani daga Goggo ne. Ban da kabarinta, wannan ne abin da ya rage nata, kuma a hannun bare yake.

Zuwaira ba ta gane ni ba. Na tambaye ta ko Goggo ta taɓa ba su labarin yarinyar da ta riƙe.

Ta ce, "Mun taɓa tambayarta. Cewa ta yi Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ba ta taɓa riƙon ɗan kowa ba."

Na yi mata godiya, na karɓi man.