Bakin Begilar Buba

Ina kan keken ɗinki a shagona na unguwar Mayo Gwoi a Jalingo, ranar Talata da hantsi, sai wayata ta yi ƙara. Yakubu ne, mai buga ƙaramar ganga a ƙungiyarmu ta badujala. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Manu, Buba ya rasu." Na yi salati, na sake yi, sannan na dubi abin da ke ƙarƙashin allurata. Rigar faretin Buba ce, wadda ya kawo mini in sa mata sabuwar igiyar kafaɗa mai ruwan zinare, irin wadda shugaban ƙungiya kaɗai ke sawa. Hawan jini ne ya kayar da shi a ƙofar gidansa da ke Abbare, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

'Yan ƙungiya ne suka ɗora mini wannan rubutu na ta'aziyyarsa, wai ni ne amininsa, tare muka shiga, tare muka tsufa. Zan faɗi alherin Malam Buba Hammadu, domin yana da shi, har ya fi yadda zuciyata take so ya kai. Amma ba zan tsaya gaban jama'a in yi ƙarya a kan mamaci ba. Shekara ashirin da bakwai na yi ina yi wa mutumin nan hassada, kuma akwai kayansa a hannuna da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wanda ya ji haushina bayan ya karanta, yana da gaskiya.

Muna samari aka kafa ƙungiyar. Wani tsohon ɗan sanda, Saje Bitrus, shi ya tara mu, Musulmi da Kirista, a filin makarantar firamare kowace Asabar da yamma. Masu begila huɗu ne a gaba, ƙananan ganguna a tsakiya, babbar ganga a can baya. Mutane suna ganin mu ranar fareti cikin fari da ja, sai su ɗauka gwamnati ce ke yi mana sutura. Ina! Komai daga aljihunka yake fita. Akwai kuɗin shiga, akwai na wata-wata. Kai za ka ɗinka riga da wando, ka sayi takalmi da hula da farar safar hannu, kuma idan safar ta yi dauɗa ranar fita, tara ce. Na ga samari da yawa masu kunnen kiɗa sun zo Asabar biyu, da aka karanta musu jerin kayan, ba mu sake ganin ƙeyarsu ba.

Abin da ya fi komai tsada shi ne mafi ƙanƙanta. Begilolin na ƙungiya ne, amma bakin begila, ɗan ƙarfen nan da ake sawa a leɓe a busa, kowa da nasa. Saje ya hana aro, tun wani lokaci da ciwon baki ya zagaye abokan aikinsa a bariki. Ba a sayar da shi a Jalingo a wancan zamani, sai an ba 'yan kasuwa masu zuwa kudu saƙo, kuma kuɗinsa ya kai na buhun masara biyu.

Begila ɗaya ce ta rage babu mai ita, mu biyu muna so, ni da Buba. Saje ya dafa wani tsohon baki nasa a ruwan zafi, ya gwada mu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi na fi Buba busa a ranar. Ni na sani, waɗanda ke wurin sun sani. Saje ya kaɗa kai, ya ce da irin Hausarsa, "Begila shi ba ya jiran mutum. Wanda ya fara kawo bakinsa, shi ne da ita." Ni ɗan koyon ɗinki ne, abin da maigidana ke ba ni bai wuce na sabulu ba. Buba kuwa, mahaifinsa ya ja maraƙi ɗaya zuwa kasuwar Iware, cikin wata guda saƙo ya iso. Aka ba shi begila, ni aka rataya mini babbar ganga, wadda ba a biyan ko sisi a kanta don babu mai son ta.

Wanda bai taɓa ɗaukar gangar nan daga filin makaranta zuwa filin fareti cikin zafin Jalingo ba, kada ya ce mini komai. Igiyarta tana cin kafaɗa, gumi yana shiga ido, ba ka ganin gabanka sai ƙeyar mutane. Ita kuma ƙeyar da nake hangowa can gaba ta Buba ce, hula a karkace, begila tana walƙiya, mata suna guɗa daga bakin titi. An taɓa buga hotonmu a kalanda. Buba ya fito tun daga hula har takalmi, ni kuwa gefen gangata ne kawai ya shiga, da gwiwar hannuna. Uwata ta rataye kalandar a ɗakinta, tana nuna wa baƙi gwiwar hannun.

Abin haushin shi ne Buba bai taɓa yi mini abin da zan riƙe ba. Da ya yi girman kai, da na samu sauƙi. Kafin a tashi fareti sai ya baro gaba ya zo har baya, ya gyara mini igiya, ya ce, "Manu, riƙe mana ƙafa. In ka ɓata, duk mun ɓata." In an tsaya hutu, ni yake fara miƙa wa ruwa. Ni kuma ina karɓa ina sha, ina jin kamar in watsa masa.

A shekararmu ta uku na yi abin da na yi. Ranar bikin samun 'yancin kai ce, mun taru a makaranta da sassafe. Buba ya ce alwalarsa ta karye, yana son ya fita da tsarki kamar yadda ya saba. Ya zare bakin begilarsa, ya sa cikin hularsa a kan taga, ya tsuguna da buta a gefen aji. Na zo wucewa, na ga ƙarfen da jan zaren da ya ɗaura masa don shaida. Hannuna ya shiga hular ya fito. Ban shirya ba, ban kuma yi niyyar sayarwa ba. So nake kawai ya ɗanɗana, ko na yini ɗaya, yadda ake tafiya a sahu ba a jin muryarka.

Aka duba ko'ina, har da ni cikin masu dubawa. Babu aro, doka ce. Buba ya yi faretin nan gaba ɗaya da begila a kugu, bai busa ko sau ɗaya ba, ni kuma ina baya ina dukan ganga da ƙarfin da ban taɓa yi ba. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba. Daɗin bai kai la'asar ba, domin Saje yana da wata dokar da na manta da ita: wanda ya fito fareti da kayan da ba su cika ba, an dakatar da shi wata uku, kuma sai ya sake biyan kuɗin shiga kamar baƙo.

Mahaifin Buba ya ce ba zai sake sayar da dabba don busa ba. Buba ya sayar da kekensa, bai isa ba. Ya tafi Iware ya yi kaka guda yana ƙwadago a gonakin doya da shinkafa na mutane. Da ya dawo ya rame, tafin hannunsa duk kanta, da sabon baki a aljihu. Ni kuwa nawa na sata yana cikin gwangwanin madara a ƙasan akwatina. Ba zan iya kai shi fili ba, kowa ya san jan zaren. Sau ɗaya na tafi da shi bakin kogi na busa shi haka nan babu begila, ya yi wani ƙara kamar na agwagwa, na mayar da shi gwangwani.

Da Saje Bitrus ya rasu, Buba aka zaɓa shugaba, ƙuri'a ɗaya ce ba ta bi shi ba, kuma yanzu kun san ta wane ne. Abin da ya fara yi shi ne ya sayi baki shida da kuɗinsa, a hankali cikin shekara biyu, ya samo wata tukunya da risho. Kowace Asabar ana dafa su a gaban kowa, duk wanda ba shi da nasa ya ɗauki ɗaya ya busa, ya mayar. Kuɗin shiga ya mayar da shi kashi-kashi. Tsofaffin riguna ya sa ake kawo mini in rage wa sababbin shiga, yana biyana daga aljihunsa, yana cewa kada in gaya musu. Yakan ce, "Ni dai kada wani ya koma gida da busa a cikinsa saboda buhun masara." Rabin masu begilar da suka tsaya a ƙofar gidansa ranar Talata suna kuka, daga tukunyar nan suka fara. Garin nan ya yabe shi a kan haka, ni kuma ina gefe ina cewa a raina, ai ni na koya masa zafin rashi, amma shi ake yabo.

Ya taɓa kira na gefe, ya ce ga begila ga baki, in dawo gaba, a ba wani gangar. Na ce masa na saba da baya, kuma haƙorana na gaba sun fara girgiɗi. Haƙorana lafiya lau suke. Ba zan iya karɓar begila daga hannunsa a matsayin kyauta ba, shi ke nan. Bai matsa ba, ya ce to, in na canza shawara tana nan.

Ranar jana'iza na ciro ƙarfen daga gwangwani na sa a aljihu. Bayan an yi masa salla, ƙanensa ya miƙe ya yi shelar da aka saba, cewa duk wanda ke bin marigayi wani abu, ko marigayi ke bin sa, ya fito ya faɗa ko ya same su a gida. Na damƙe aljihuna har ƙarfen ya shata mini tafin hannu. Ban fito ba. Da ni aka ɗauki makara, da ni aka zuba ƙasa, abin yana aljihuna muka dawo.

Sai ranar sadakar uku na iya. Na nemi iso wurin matarsa, Dija, tana takaba, na tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Na tura ƙarfen ta ƙarƙashin labule, na fara bayani. Ban kai rabi ba ta tare ni.

Ta kira ni Hamma, wato yaya, ta ce, "Hamma Manu, mai jan zare ne? Ai ya gaya mini tun muna sabon aure. Ya ce yana wurinka ajiya."

Na ce ba ajiya ba ce, sata ce, a taimake ni a kira abin da sunansa.

Ta ce ta sani. Ta ce a ranar Buba yana wanke ƙafa ya ɗaga kai ya gan ni, da idonsa. Ta tambaye shi me ya hana shi magana, har ya je ya ƙare a gonakin mutane. Sai ta faɗa mini amsarsa yadda ya faɗa mata: "Ranar gwaji Manu ya fi ni busa. Maraƙin Baba ne ya fi shi, ba ni ba. In na tona shi, Saje zai kore shi, ya rasa begila ya rasa ganga." Ta turo ƙarfen ya dawo gabana, ta ce ya bar wasiyya kada kowa ya karɓa daga hannuna, ya yafe tun ranar.

Shekara ashirin da bakwai ina jiran mutum ɗaya ya ce na fi Buba busa. Ashe shi ya faɗa, a cikin ɗakinsa, tun ina da ƙarfin da zan yi wani abu da maganar, kuma ni na hana kaina ji. Na fito daga gidan ina kuka, amma ko a cikin kukan na kama zuciyata tana cewa, ka gani, a nan ma ya fi ka. Wannan ciwo ban san ranar da zai sake ni ba.

Ranar Asabar na kwance jan zaren, na jefa ƙarfen cikin tukunya tare da sauran, suka zama bakwai. Rigar Buba na gama sa mata igiyar zinare, na kai wa iyalinsa a goge.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Buba Hammadu, ka yalwata masa kabarinsa, ka rufa masa asiri a ranar tsayuwa kamar yadda ya rufa mini nawa ban roƙe shi ba. Ka ba Dija haƙuri, ka raya 'ya'yansa biyar, ka sa su gaji zuciyarsa, kada su taɓa rasa abu don kuɗinsa ya fi ƙarfinsu. Ka ba 'yan'uwansa da ƙungiyarsa juriyar wannan rashi. Ni kuma da aka bari a baya da ganga kamar kullum, ya Allah ka yafe mini. Buba ya riga ya yi nasa.