Abin da Ya Kai Ni Gwaram Kan Tsagaggen Bango

Shugaban kwamitin rabon gidaje na yankinmu ya ci mutuncina a bainar jama'a. Bayan ambaliya ta cinye mana gidaje a Kangire, gwamnati ta gina mana wasu, na samu ɗaya. Ba a je ko'ina ba bango ya tsage, har daga kan gado kana hango tsakar gida. Da na kai kuka, sai ya miƙe a taron unguwa ya ce ni na lalata gidan, wai matata ƙazama ce mai kwara ruwan wanke-wanke a gindin gini. Ya ce za a karɓe a ba wanda ya san daraja. Da iyali cike da gida, ina zan nufa?

Sai muka ji a rediyo masana harkar gini za su zauna a Gwaram, su saurari mutane kafin gwamnati ta tsara sabon shirin gidaje. Ban yarda da su ba, amma na shirya.

Mun tashi da asuba daga tashar Birnin Kudu, ni da wasu maƙwabta da nasu bangon ya fara magana. Kuɗin mota ya yi tashin da ban sani ba, kuma duk da haka direba ya cusa mu kamar buhunan gero, ƙafata ɗaya ba ta dawo hayyacinta ba sai a garin Sara. Can muka ci waina da miyar taushe. Mai wainar ta rage mata girma, ta ce shinkafa ce ta yi tsada, na ce to ai da ta rage wa cikinmu ma. Hanya dai alhamdulillahi, gero ya nuna, riɗi a tsaye dami-dami, sai ramukan da damina ta bari nan da can. Ni kuwa ba gona nake kallo ba, bangon gidajen mutane nake bi da ido.

A zauren taron na zaci irin wanda muka saba ne, a yi jawabi a raba lemo a watse. Sai na tarar da injiniyoyi, da masu tsara gari, har da tsofaffin magina an ba su kujera a gaba. Da aka zo kaina na faɗi komai, ban tauna ba. Wata injiniya, mace, ba ta kai ƙanwata shekaru ba, ta ce, "Baba, kafin a yi ginin, me ke wurin?"

Na ce kududdufi ne. Nan kakanninmu suka riƙa haƙar ƙasar gini, daga baya aka cike shi da shara da ɓaraguzai.

Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce ko ɗigon ruwa ba a zuba ba ginin nan sai ya tsage, don ƙasar ciko zama take yi ta ja harsashin ginin. Wani dattijon magini ya gyaɗa kai. Suka ce za su zo su haƙa su gani da ido, kuma babu wanda zai fitar da mu kafin nan. Tunda aka fara ginin nan babu wanda ya taɓa yi mana wannan tambayar. Abin da na koyo ke nan: da an sa masu sanin aiki tun farko maimakon 'yan fadan siyasa, da ba a kai ga zagin matan mutane ba.

A dawowa barci na yi a mota, har da minshari in ji abokan tafiya.

Bayan la'asar na sami shugaban kwamitin nan a ƙofar masallaci, mutane na nan. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Alhaji, masu ilimin gini suna tafe, za su tona gindin bangona. Ranar ka sa babbar rigarka ka zo da kanka. In akwai sauran abin da za ka faɗa kan iyalina, ka faɗe shi a bakin ramin, kana kallon abin da ke ciki."