Hasib na Gidan Mai, Mutumin da Garinmu Bai Gani Ba

Kafin motar burodi ta shigo gari, Hasib ya riga ya buɗe. Idan hunturu ne, da shebur yake farawa, ya kwashe ƙanƙarar da ta kwanta a gaban famfunan mai, ya watsa gishiri don kada wata tsohuwa ta zame. Sai ya ɗora gahawa, ya wanke banɗaki, ya zura sandar awo cikin tankin ƙasa ya ga abin da ya rage. Daga nan kuma sai abin da rana ta kawo. Ya zuba mai, ya goge gilashi, ya hura taya, ya sayar da sigari da man inji, ya ɗora wa wani dattijo tukunyar gas a bayan keke ya ɗaure masa da igiya. Abincin rana, in an samu, a tsaye ake cinsa, burodi a hannu ɗaya, tiyo a ɗayan. Ba ya rufewa sai magariba ta yi nisa. Haka muka san shi tun bayan yaƙi, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya ajiye aiki a farkon shekarar nan.

A takardar ɗaukar aiki kuwa, Hasib ma'aikacin rabin yini ne. Haka maigidansa Ekrem ya rubuta shi tun ranar farko. Albashin rabin yini shi ke shiga banki, sauran a miƙa masa a hannu, wani watan ya yi kauri, wani watan ya rame. Ofishin fansho bai san hannu ba, takarda ya sani. Da aka yanka masa fansho, sai ga shi ba ya isar itacen hunturu da maganin matarsa Sadika a wata guda, dole ɗaya ya jira ɗaya. Shi ya sa ya kai ƙara kotun birni, kuma Sadika ce ta tura shi, don shi da kansa ba zai je ba. Abin da kotu ta nema ba shi da yawa: mutanen da za su tsaya su ce sun gan shi yana aiki safe da yamma.

An raine mu a kan cewa ma'aikacin kirki shi ne wanda ba a jin bakinsa. Na karantar da tarihi har furfura ta rufe ni, kuma na daɗe ina zargin masu biyan albashi ne suka ƙirƙiro wannan magana, mu kuma muka haddace ta kyauta. Ana kuma cewa aikin gidan mai ba aiki ba ne, tsayuwa ce kawai. Masu faɗin haka daga cikin mota suke faɗi, gilashi a rufe, ɗumi na hura musu ƙafa.

Akwai wani aikin Hasib da ba ya cikin kowace takarda. Gidan man yana kwanar ƙarshe kafin a hango hasumiyar masallaci, wato wanda ya tsaya a can bai shigo gari ba tukuna. Kowace bazara, idan 'ya'yanmu na Jamus da Ostiriya suka taso hutu, a nan suke tsayawa. Mun ɗauka mai suke sha. Wani daga cikinsu, bari mu kira shi Nusret don ba sunansa ba ne, shi da bakinsa ya ba ni labarin yadda ake yi.

Ya ce ya iso da hantsi cikin wata baƙar mota mai sheƙi, idanu jajur, rigar jikinsa ta kwana biyu a hanya.

"Baffa Hasib, cika ta har wuya."

"Wuyan wa? Naka, ko na kamfanin da ya ba ka hayarta?"

"Haba Baffa, tawa ce."

"To madalla. Sai dai ka ɓamɓare tambarin hayar nan na gilashin baya, surukinka yana karanta Jamusanci."

Hasib da kansa ya kankare tambarin da farce, ya goge wurin da ɗan mai har ba alama. Ya miƙa masa makullin ɗakin baya, inda ya ajiye madubi da sabulu da dutsen guga da ya kawo daga gidansa. Nusret ya yi wanka, ya yi aski, ya goge farar riga. Da ya fito, gahawa na jiransa a kan akwatin lemo, tare da labarin gari.

"Zauna ka ji, kada ka shiga ka yi ɓaranɓarama. Mai kantin takalma ya rasu da kaka, kada ka tambayi matarsa ina yake. Ƙanwarka ta dawo gida, kada ka ce mata ina maigidan. Innarka ta rame, idan ka gan ta kada fuskarka ta nuna."

"Ni fa, Baffa? Yaya ka gan ni?"

"Kamar minista. Ministan da ya kwana a mota. Tafi, suna jira."

Haka ɗaruruwa suka bi ta ɗakin nan. Wanda aka kora daga aiki, wanda matarsa ta bar shi a can, wadda ta zo da zoben aro. Ba a taɓa jin asirin ko ɗaya daga bakin Hasib ba, a garin da idan ka yi atishawa a gada ana yi maka sannu a kasuwa. Bayan kwana biyu kuma, waɗannan mutanen sukan wuce shi a bakin shagon gahawa, su ɗaga masa yatsa biyu daga nesa, kamar yadda ake gai da wanda aka manta sunansa.

Da lauyar da ya ɗauka ta ce ya kawo sunayen shaidu, a ɗakin girkinsu aka yi zaman, Sadika na tsaye bakin murhu.

"Baffa, wa ya gan ka da sassafe? Wa ya gan ka da yamma? Faɗi, in rubuta."

"Motoci na gani, 'yata."

"Motoci ba sa rantsuwa."

"Kai dai Hasib," in ji Sadika, "ka wanke musu banɗaki har bayanka ya tanƙware, yau kuma ka makance? Ni zan iya lissafo mata su, da sunan ubanninsu."

"Ba za ki lissafa ba. Wanda ya shiga ɗakin baya, ba don a kira shi kotu ya shiga ba."

"To mu ci mutuncinsu da burodi."

"Zuba wa baƙuwa gahawa, Sadika."

Shi ke nan, bai ba da suna ko ɗaya ba. Na je wa Nusret da maganar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, idan na tsaya za a tambaye ni abin da nake yi a wurin." Ban yafe masa ba, amma na gane tsoronsa. Waɗanda ban gane ba su ne mu, mazauna gari, da ba mu da wani asiri a ɗakin baya. Lauya ta bi gida gida. Wani ya ce ɗansa yana aiki a injin katako na Ekrem. Wani ya ce Ekrem ne ya yi rufin masallaci, bai dace ba. Wani da ke tsayawa hira a gidan man kullum bayan la'asar ya ce shi ba ya ɗaura agogo. Wani kuma ya ce a yi sulhu, sannan ya tafi gida ya ci abinci. Ni ba ni da mota, gidana kuma yana hayin kogi, lauya ta ce shaidar mai hangowa ta tagar bas ba za ta tsaya ba.

Ranar shari'a kotu ta cika. Wannan ne abin da ba na iya tunawa ba tare da fuskata ta yi zafi ba. Mun yi hayar bas, mun cika benci har wasu na tsaye, mun zo kallo. Alƙali ya tambaya ko akwai shaida, ɗaki cike da mutanen da Hasib ya hura wa taya, kowa ya samu abin dubawa a ƙasa.

Sai Zumreta ta tashi daga baya. Duk gari ya san Zumreta a matsayin babbar ma'aikaciyar ofis a wani asibiti a Ostiriya, mai zuwa hutu da awarwaron zinariya har gwiwar hannu. Ranar ta zo da takalmin roba da tsohuwar rigar sanyi, hannu ba komai. Ba wanda ya kira ta, a waya ta ji labari wurin 'yar'uwarta ta hau bas. Ta ce ta ga Hasib da asuba, ta gan shi da magariba, kowace bazara.

Lauyan Ekrem ya yi murmushi. "Baiwar Allah, ke da ba ki da mota, me kike nema a gidan mai da asuba?"

"Sauka nake yi daga bas in canja kaya."

"Wane irin kaya?"

"Kayan aikina. Ni mai shara ce, ranka ya daɗe. Ina goge ƙasa, ina wanke tsofaffin da 'ya'yansu suka ajiye. Awarwaron na wata 'yar ƙasarmu ne, aro take ba ni. A ɗakin bayan Hasib nake jiƙa hannuwana su yi laushi, in sa su. Ranar komawa, bas ɗin yamma nake bi, a can nake cirewa. Duk lokacin da na je yana nan. Akwai wata tambayar?"

Babu.

Alƙali ya yi abin da doka ta ba shi dama, ba na zarginsa. Zumreta da bazara kawai take zuwa, don haka bazara kawai ta shaida. Kotu ta amince Hasib ya yi cikakken yini a watannin hutu, ta ce a gyara masa fanshon wannan. Sauran shekara kuwa, kaka da hunturu da lokacin narkewar ƙanƙara, babu shaida. Watannin da baƙi suka tafi, aka bar shi da mu kaɗai, su ne ba wanda ya gan shi.

A matakalar kotu na ji su, ina bayansu da sandata.

"Me ya kai ki, Zumreta? Ban kira ki ba."

"Da ka kira ni da ban zo ba."

"Yanzu ga shi duk gari ya sani."

"Gari ya daɗe da sani, Hasib. Ba awarwaron suke kallo ba, hannuwana suke kallo."

"Kin ci wani abu tun safe?"

"Sai ka saya mini, tunda ka zama mai kuɗi wata biyu a shekara."

Suka yi dariya su biyu. Mu muka wuce su a gurguje, kowa na neman kujerarsa a bas.

Hasib, kai ne ƙofar garin nan, ko da yake ba wanda ya naɗa ka. Kai ne ka karɓi 'ya'yanmu a gajiye ka miƙo mana su a goge, muka yi ta alfahari da su ba mu tambayi wa ya goge su ba. Mai rufin asiri, kai ne aka sa wa fanshonka a hannu ɗaya, mutuncin mutane a ɗayan, ka riƙe nasu ka saki naka. Ban ce ka yi daidai ba. Sadika tana da gaskiyarta, kuma ita ke shan maganin. Amma na san a cikin duk waɗanda suka cika ɗakin kotun nan, kai kaɗai ne shirunka ba na tsoro ba ne.

Mun gode, Hasib. Na san godiya ba ta ɗumama ɗaki, kuma ta zo daga bakin mutanen da ba su da fuskar yin ta. Mun gode, Zumreta, ke da kika biya da abin da kika fi tattali.

Matasan da ke tsaye a famfunan garuruwan nan, ku koyi hannunsa da bakinsa, ku koyi yadda ake duban mutum a ranar da ya fi muni ba tare da an sa shi jin an gan shi ba. Amma idan aka miƙo muku takarda mai cewa rabin yini, ku karanta da ƙarfi a gaban mutane, kada ku koyi wannan haƙurin, bai amfane shi ba.

Mu kuwa manya, abin koyinmu yana wurin mai takalmin roba. Ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take zuwa ƙarshen watan nan. Hasib ya gaya wa lauya ba zai roƙi kowa ba, wanda zai zo ya zo da ƙafarsa. Ba za a tambaye ku asirinku ba, don ba ku da shi. Tambaya ɗaya ce: kun taɓa ganin mutumin nan da yamma, da hunturu? Ofishin lauyar yana saman kantin magani, matakalar ba ta da tsawo, ni ma na hau ta da sandata jiya. Ta ce mini tun safe take buɗewa, kuma har yanzu ba wanda ya zauna a kujerar shaidu.