Hannun da nake ɓoyewa cikin hijabi

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a zauren nan ba. Wasu sun ce girman kai ne. Wayar ce ba ta tsayawa a hannuna.

Da ɗan yatsa ya fara. Ina rubutu a allo gaban ɗalibaina a Jega, alli ya riƙa rawa. Na ce yunwa ce. Aka yi gwajin suga, aka yi na jini, aka yi hoton kai a Birnin Kebbi. Likita ta sa na yi tafiya a gabanta, sannan ta ce, "Malama, cutar Parkinson ce. Ba ta warkewa, amma magani na kwantar da ita."

Ban yi kuka a asibiti ba. Sai a sunan maƙwabta, da aka zagaya da jaririya hannu-hannu, aka tsallake ni. Ga ɗiyata Hadiza da cikin fari, kuma gidana za ta zo wanka.

Inshorar da ake cira a albashinmu ta ƙi biyan maganin da likita ta rubuta, wai ya yi tsada. Suka ba ni wani mai arha, wanda kafin azahar ya sake ni, ga bushewar baki.

A layin ganin likita na haɗu da Kulu, 'yar Aliero, matar wani ma'aikaci mai noman albasa. Cutarmu ɗaya, inshorarmu ɗaya, amma ita an ba ta mai kyau. Da jikanta take zuwa, tana cilla shi sama tana cafewa. Wallahi na tsane ta. Har dariyarta haushi take ba ni. Na koma gida ina cewa da me ta fi ni? Ko karatu ba ta yi ba.

Na yi ta zuwa ofishin inshora. Kullum da safe, in sha magani, in sa hijabi mai guga, in naɗe hannu a ciki. Jami'in ya ce ya jiki, in ce da sauƙi, alhamdulillahi. Haka aka tarbiyyantar da mu. Shi kuwa ya ga mace garau, sai ya ce in ci gaba da wanda nake sha.

Wata rana Kulu ta tare ni. "Ke Malama, harara tai yawa. Mi niy yi miki?"

Na ce, "Ke anka ba, ni anka hana."

Ta yi dariyar nan tata. "To kina tahiya awa amarya, wa ka ba ki? Gobe bayan azahar mu tai tare."

Muka karɓi wasiƙar likita muka je, lokacin maganin safe ya gama aiki. Jami'in ya ce ya jiki. Na buɗe baki, Kulu ta riga ni.

"Babu sauƙi! Hiddo hannun ga shi gani."

Ta yaye hijabina, ta ɗora mini kofin ruwansa a hannu. Ruwan ya watsu a teburi har rigarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce, "Wagga mata, jika taka jira. Kai ka riƙa mata shi?"

Bai amince ranar ba. Sai da muka sake komawa, Kulu na faɗa ina sunkuyar da kai, kafin aka sa hannu.

Ban warke ba. Amma alli ya tsaya, ina cin tuwo cikin mutane.

Shawarata: kada ku daina magani don a ga ciwonku, akwai haɗari. Ku ɗauki bidiyon jikinku lokacin da ya tsananta, ku nemi wasiƙar likita, ku tafi da mai bakin da ya fi naku. "Da sauƙi" ta masu dubiya ce, ba ta ofis ba.

Na gode wa Allah, na gode wa likitata. Kulu, har yau hannunki ya fi nawa tsayuwa, kuma har yau ina jin haushi. Allah ya saka miki da alheri.

Hadiza ta sauka ranar Talata, namiji. Ta miƙo mini shi, na zuba wa hannunta ido, ina jira ta tallafa ta ƙasa kamar yadda ake yi wa yara in an ba su jariri.

Sai ta juya ta ci gaba da shan kununta.