Furen Duman Monowara Apa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Disamba, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Monowara, da muke kira Apa, wato Yaya, a gidanta da ke Mirpur, nan Dhaka, bayan gajeriyar jinya.

Apa, har yanzu in la'asar ta yi sanyi sai in ji kamar takunki a matakala, kina hawa saman benen da kika mayar lambu. Tumatir a tsofaffin bokitai, alayyafo, barkono, gauta. Takin kanti bai taɓa hawa nan ba; ɓawon kayan miya da ganyen shayi ne takinki, ruwan darbejiya maganin ƙwari. Babu ƙofar da ba ki ƙwanƙwasa da kwando ba, har ta mai gidan hayarmu da ya yi ta mitar za ki rusa masa rufi. Shi ya fi kowa cin tumatirinki.

Duma ne ɗan lelenki. Irinsa daga ƙauyen mahaifiyarki ya fito, ƙauyen da kogin Padma ya cinye har da kaburbura, ba abin da ya rage sai wannan iri. Bana danshi ya ruɓar da shi, tushe ɗaya tak ya tsira. Furensa fari ne, sai gab da magariba yake buɗewa, ƙwari kuma ba sa hawowa wannan tsayi. Ke kike tsinko namijin fure ki goga wa macen, kina ce masa ɗaurin aure.

Shi ya sa da 'yarki Shirin ta shirya muku hutu a Nepal kika tubure.

Ta ce miki, "Ammu, uwata, duwatsun ƙanƙara fa za ki gani!"

"Duwatsu suna nan har tashin kiyama. Fure kwana ɗaya yake yi."

Sai da na rantse zan tsaya miki waliyyi kika hau jirgi. Kika kira ni daga tafkin Pokhara, murya ƙasa-ƙasa kamar mai magana cikin barci: "Rehana, dutse ya kwanta cikin ruwa, fari fat, kwalekwalenmu yana tafiya a kansa. Ashe haka duniya take, ina can ina fama da bokiti?" Sai kuma kika ce, "To, an ɗaura auren kuwa?"

An ɗaura, duma ɗaya ya kama. Da kika dawo kika ɗaura masa jan ƙyalle, alamar na iri ne, ba na tukunya ba. Ba ki ga bushewarsa ba, ni kuma zuciyata ta karye, don ƙarfina ya tafi, kuma ban ga wanda zai shuka shi baɗi ba. Shirin ko ƙasa ba ta son ta taɓa hannunta.

Jiya da yamma na hau ban ruwa. Fure ya buɗe, hazo ya lulluɓe gari, sai na ji taku a matakala. Wallahi na ɗauka ke ce. Shirin ce, sanye da mayafinki. Ta daɗe tana shafa jan ƙyallen, sannan ta kira ni Khala, wato Inna, ta ce, "Wanne ne macen?"

Allah ya jiƙanki, Apa, ya yafe miki, ya sa duk kwandon da kika raba ya tarar da ke a mizani, ya ba ki lambun da kogi ba ya ci. Ina miƙa ta'aziyya ga Shirin da dangi baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kuma sa albarka a hannun da ya karɓa.