Gwanin Bana Yana Buƙatar Wani

Yayana mai gyaran agogo ne, tun zamanin da mutane ke duba hannunsu in suna son sanin lokaci. Shagonsa yana manne da nawa, falanki kawai ya raba mu. Shi yana jin ƙarar keken ɗinkina, ni ina jin tarinsa. Duk layinmu Mai Agogo ake kiransa, amma in ka shiga shagon yau sai ka yi da gaske kafin ka ga agogo. Idanuwa za ka fara cin karo da su. Mutum-mutumin wasan yara ne, na ƙarfe da na roba, jere a kanta tun daga ƙasa har rufi, kowanne ya zuba maka ido kamar ka shigo ba sallama.

Shi "jama'ata" yake ce musu. Ni kuwa tarkace nake ce musu, a gabansa ma, don ban ga dalilin da zai sa mutum mai furfura har a gira ya riƙa goge wa sojan roba takalmi da auduga ba. In na faɗa sai ya yi murmushi ya ce, "Ke dai Tela, ki ji da zarenki." Haka muke tun muna yara, ni da baki, shi da haƙuri mai ban haushi.

Abin ya samo asali ne daga 'yarsa. Ita kaɗai Allah ya ba shi, kuma tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu. In ta taso daga makaranta ba ta da wurin zuwa sai ƙarƙashin teburin aikinsa, tana wasa da matattun agogo. Wata rana mai gwanjon da ke bakin titi ya kwance dila, sai ga wani ɗan mutum na gwangwani, mai kai kamar akwati, da makulli a haƙarƙarinsa. Ba ya motsi. Yaya ya karɓo shi, ya maƙala gilashinsa a ido, ya buɗe cikinsa, sai ya ga ashe ɗan'uwan agogo ne: sifirin da ƙananan haƙora. Ya wanke, ya ɗiga mai, ya miƙa wa yarinyar ya ce ta wana shi. Ta murɗa makullin da 'yan yatsunta, ta ajiye, abin nan ya kama tafiya a kan tebur, ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf, yana rangaji kamar mai ciwon ƙugu. Dariyar da ta yi ranar har shagona na ji ta, kuma ita ce ta farko tun bayan rasuwar uwarta.

Shi ke nan, Yaya ya ga hanya. Duk sanda mai gwanjo ya kwance kaya yana tsaye a kansa. Daga baya suka ƙirƙiro wata al'ada tasu su biyu. In shekara ta zo ƙarshe sai ya share teburin aiki, ya sauko da duk waɗanda suka shigo a shekarar, ita kuma ta hau kujera ta yi hukunci. Doka ɗaya ce: duk mai son zama gwanin shekara sai ya yi tafiya daga wannan bakin tebur zuwa wancan bai faɗi ba. Wanda ya ci sai a ɗora shi a kantar sama, inda ba mai taɓa shi. Daga nan ta samu sunan Alƙaliya, har yau kuma ba ya kiranta da wani suna.

To, Alƙaliya ta girma. Ta karanci aikin jinya, ta samu gurbi a wata ƙasa mai nisa, kuma shi da kansa ya tura ta, yana cewa kada ta kuskura ta zauna saboda shi. Karatu ya zama aiki, aiki ya zama aure, aure ya kawo goyo. Jikarsa ma a waya kawai ya san ta. Shekaru suka yi ta tafiya, kullum ana cewa baɗi.

Ba ta manta da shi ba, kada in ɗauki alhakinta. Duk shekara sai ta aiko da kwali cike da sababbin mutane masu batir, masu fitila, masu magana. A zatonta abin da yake so ke nan, don shi ne abin da yake nuna mata. In ta bugo waya sai ya gyara murya ya ce, "Lafiya lau muke. Ki yi zamanki, kada ki wahalar da kanki da hanya." Da ya ajiye wayar sai shagon ya yi tsit. Ni da ke bayan falanki na san irin wannan shirun, don ko tarin ma daina shi yake yi.

Sau nawa na leƙa na ce masa, "Yaya, ka ce mata ta zo mana. Bakinka ciwo yake yi?"

Sai ya ce, "Tana da aikinta, da mijinta, ga goyo. Ni zan ƙara mata kaya? Ke ma kada in ji kin faɗa mata."

Ya sa na yi alkawari, na kuwa yi, ina cizon yatsa. Kewarta tana cinsa a gabana kamar yadda asu ke cin yadi, ba ƙara, ba hayaniya, ni kuma an ɗaure mini baki.

Bana abin ya ƙaru da wani. Hannunsa ya fara rawa. Da farko in ya ɗauki ƙaramin noti da hantsaki sai ya suɓuce, ya ce haske ne bai isa ba. Daga baya ya fara mayar da masu kawo gyara, wai aiki ya yi masa yawa, alhali teburin ba komai sai ƙura. Likita ya ba shi magani, ya ce za a samu sauƙi amma ba za a koma kamar da ba. Wannan ma ya hana ni faɗa mata. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana taɓa abin da ido da ƙyar yake gani, yau maɓallin rigarsa sai ya yi ta fama.

Da shekara ta zo ƙarewa, wata safiya ya ƙwanƙwasa falanki. "Tela, in kin rage aiki zo ki ga 'yan takarar bana."

Na shiga da tef a wuya ina mita. Ya jera su a kan tebur, fuskarsa tana haske kamar ta mai aurar da 'ya. Akwai wani ƙato mai ruwan toka daga kwalin Alƙaliya, wanda in aka lanƙwasa hannuwansa aka tura kansa ciki sai ya koma tankar mai. Da, Yaya kan juya irinsu kafin ka ƙifta ido. Wannan kuwa ya tsaya rabi mutum rabi mota, da taya a kafaɗa, don hannun bai ƙarasa aikin ba. Kusa da shi wani fari ne sumul mai rimot, yana rawa yana gaisuwa da wani yare. Ɗan Birni ya sa masa suna, ya ce akwai iya shiga amma ba kunya, don ko an yi baƙi ba ya yin shiru. Sai wani ma'aikacin kashe gobara na roba da ya tsinto a gwanjo, duk gaɓoɓinsa suna lanƙwasuwa har yatsu. Wannan na san shi, don ya zo ba hula, kuma ni aka sa na ɗinka masa da ƙyallen jan yadi, ni da nake da kayan mutane jibge.

Na ce, "To ai magana ta ƙare. Mai hulata ne ya ci."

Ya ce, "Son kai. Wannan ai ba ya tafiya sai an riƙe shi."

"To Ɗan Birni."

"Wannan batir ne ke tafiya, ba shi ba."

Sai ya sa hannu biyu a aljihun tebur ya fito da wani. Na gwangwani ne, fentinsa ya koɗe, tsatsa ta ci masa kunne ɗaya, da makulli a haƙarƙari. Kamarsu ɗaya da na farkon nan na Alƙaliya, wanda ya daɗe da ɓata a wani tashi da suka yi daga gida zuwa gida. Ya ce tun farkon shekara mai gwanjo ya ajiye masa shi, kuma ya samu ya wanke cikinsa kafin hannun ya tsananta.

"Ga gwanin bana," in ji shi. "Tsoho sunansa."

Na ce, "Ya yi tafiyar?"

Na dubi makullin, ɗan mitsitsi ne, ga tauri. Na dubi yatsunsa. Ban sake tambaya ba.

Can ya ce, "Ɗauke shi hoto ki aika mata. Ki rubuta mata abin da zan faɗa." A da, shi yake rubuta saƙonsa da kansa. Saƙon murya kuwa ba ya yi, wai muryarsa tana fita kamar ta tsohon rediyo. Ya so ya tsayar da Tsoho a tebur, amma hannun ya ture shi, sai ya rungume shi a ƙirji. Haka na ɗauka, shi da abinsa, furfura da tsatsa.

Ya ce, "Rubuta. Alƙaliya, ga gwanin bana. Tsoho ne, amma da sauran ƙarfinsa. Wani kawai yake buƙata."

A bakin mai gyaran agogo, wanin nan jansa ake yi, waani, wato murɗa makulli. Haka ya faɗa, haka na ji. Amma a rubuce haruffa huɗu ne, ko na agogo ko na mutum, ba abin da ya bambanta su. Ni ba ni na tsara rubutun ba. Na rubuta yadda kowa ke rubutawa, na aika, na koma kan kekena.

Ban gama kalmasa hannun riga ɗaya ba wayata ta ɗauki ƙara. Alƙaliya ce, daga wurin aiki, ina jin hayaniyar asibiti a bayanta.

"Gwaggo, me ya sami Baba?"

Na ce, "Me kika gani?"

"Na ga hoton. Ya rame. Kuma na ga abin da ya ce. Gwaggo, tun da nake ban taɓa jin Baba ya ce yana buƙatar kowa ba. Don Allah ba shi wayar."

Sai a lokacin na gane yadda ta karanta. Na zaga shagonsa da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, na buɗe muryar wayar na ajiye a gabansa a tsakiyar jama'arsa.

"Baba," ta ce, "ka ce tsoho yana buƙatar wani. Wa kake buƙata? Ka faɗa mini."

Na ga ya gane shi ma. Na ga dariya ta taso masa, na ga ya buɗe baki zai gyara mata, ya ce haba Alƙaliya, 'yar mai agogo guda, waani nake nufi. Kalmar tana kan leɓensa. Da ya faɗe ta da an yi dariya, an ajiye waya, an sake cewa baɗi. Na yi alkawarin ba zan yi magana ba, amma ban yi alkawarin ba zan harare shi ba. Na zuba masa harara irin wadda ban yi masa ba tun muna yara.

Bai ma dube ni ba. Tsoho yake kallo, da makullin nan, da hannunsa da ke rawa a gefen tebur. Ya daɗe haka, har ta ce, "Baba, kana ji na?"

Ya ce, "Ina jin ki. Alƙaliya, hannuna ya daina kama makulli. Tun watannin baya. Na hana Gwaggonki ta faɗa miki." Sannan ya ce a hankali, "Ke nake buƙata. Ki zo ki kawo mini yarinyar nan in gan ta."

Kuka ta fashe da shi a can, ni ma na ja bakin mayafina a nan. Shi kuwa ya zauna kamar wanda ya sauke buhu daga ka, yana ta cewa, "To ya isa, ya isa mana, kina wurin aiki."

Ta ce za ta nemi hutu. Ba a ba ta nan take ba, sun ce sai an samu mai riƙe mata wuri, ga takardun yarinya da ba su fito ba. Har yanzu da nake wannan magana ba ta iso ba, ranar ma ba ta tsaya ba. Amma yanzu in ta bugo ba ya cewa ta yi zamanta. Cewa yake yi, "Yaushe?" Kullum sai ya tambaya, ba kunya, kamar Ɗan Birni.

Ya kwashe komai daga kan teburin aiki, ya goge shi tas daga wannan baki zuwa wancan. Bai ɗora Tsoho a kantar sama ba, wai ba a yanke hukunci ba tukuna. Ya tsayar da shi a bakin tebur, fuskarsa tana kallon ƙofa. Duk motar da ta rage gudu a layinmu, sai in ji kujerar Yaya ta motsa.

Shekaranjiya na shiga kai masa shayi, na ga Tsoho ya ba ni tausayi, shi da mai shi. Na ce, "Yaya, kawo in wana maka shi sau ɗaya, ko ka ga tafiyarsa." Na miƙa hannu.

Hannun nan da ba ya iya riƙe cokali ya cafke nawa, gam.

Ya ce, "Bar shi, Tela. Ba kowane wani ba."