Saniyar da Ke Bayan Garke

Jiya ina duba takardun ɗalibaina, sai na ci karo da irin kuskuren da na taɓa yi, Malam ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mana lissafi a Gummi a ƙarshen mulkin soja, lokacin da ake ce masa wai ɗan manomi ƙidayar buhu ta ishe shi. Bai taɓa yarda ba.

Wata shekara na dawo hutu daga jami'a da jan biro a takardata. An ba mu jerin lissafi marar ƙarewa, a gwada ko yana kusantar amsarsa bai ɗaya a ko'ina. Na gwada wuri uku, duka suka yi, na ce shi ke nan. Na faɗi jarrabawar.

Na iske Malam a fadama, taɓo har gwiwa, bakinsa ja da goro. Ya saurare ni, ya nuna shanun da ke ƙetare gulbi.

"Kowace za ta ƙetare, ɗana. Amma makiyayi ba ya cewa sun ƙetare sai ya dubi ta baya. Biɗo wadda taf fi nisa. In tazararta na raguwa har ta ƙare, garke ya iso. In kullum da wata can baya, ba ka gwada komi ba."

Yanzu shugaban makarantarmu yana cewa in bi masu ƙoƙari, in bar 'yan bayan aji. Ba zan bar su ba, ko da zai canza mini wurin aiki.

Allah Ya ƙetarar da Malam siraɗi, shi da duk na bayan da ya tsaya jira.